Koriyar Aljana: Tarihin Gidan Pernod Da Yadda Magani Ya Rikiɗe Ya Zama Maye

Gabatarwa

Wata ranar Juma'a cikin hunturun da ya wuce na tashi daga Lajawa na nufi kasuwar Wudil da saƙon uwargida. Mura ce ta sa yara a gaba, aka ce in sayo tazargade a kwaɓa da man kaɗanya a riƙa shafa musu. Na tarar da wani dattijo mai sayar da saiwoyi da sassaƙe ya baje kolinsa, na durƙusa muka gaisa, na ce, "Baba, tazargade nake so." Ya ɗebo ya ƙulle mini, har na miƙe sai ya kira ni ya ce, "Malam, a gaya wa iyali kaɗan ake sawa. Magani in ya wuce kima, shi ma ciwo ne."

Wannan magana ta dattijo ita ta tuna mini da tarihin wani ɗan'uwan tazargade da ke fitowa a ƙasashen Turai, wanda wani gida a Faransa ya mayar da shi barasa mai suna absint, ya yi arziki da ita fiye da shekara 100, har ta kai gwamnatoci suka tashi tsaye suka haramta ta. Na san wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Me ya kai mujallar marubutan Hausa ga zancen barasar Turawa, alhali hukuncin giya a wurinmu ba ɓoyayye ba ne? Amsa ita ce, absint da sunan magani ta shigo, riba ta raine ta, marubuta da mawaƙa suka yi mata kirari, sa'an nan wasu masu alƙalamin suka yi mata ƙage. Duk wanda ya dubi abin da ke faruwa da matasanmu a yau zai ga cewa labarin bai yi mana nisa ba. Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Asalin Tsiron

Tsiron da ake magana a kansa masana suna kiran sa Artemisia absinthium, dangi ɗaya ne da tazargade, ga ƙamshi mai ƙarfi, ga ɗaci kamar maɗaci. Ɗan'adam ya daɗe da saninsa. An ambace shi a wata takardar magunguna ta mutanen Masar na dauri wadda aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Girkawa sun yi amfani da shi don ciwon ciki da tsutsar ciki. Larabawa suna ce masa afsantin, Ibn Sina ma ya kawo shi cikin littafinsa na likitanci, Al-Ƙanun. Har yanzu mutanen Maroko sukan jefa wani irinsa da suke kira shiba a cikin shayi lokacin sanyi.

Haka nan kuma na'urar da ake tace barasa da ita ba don barasa aka fara kyautata ta ba. Tukunya ce ta tagulla mai murfi da dogon bututu, a dafa abu a ciki, tururinsa ya bi bututun ya huce ya koma ruwa. Masanan Musulmi irin su Jabir ibn Hayyan da Al-Kindi sun yi aiki da ita wajen haɗa magunguna da tatso turare da ruwan wardi. Sunan da Turawa suke kiran ta ma daga kalmar Larabci al-anbiƙ suka aro shi, kamar yadda kalmarsu ta alkohol ta fito daga al-kuhl, wato kwallin nan da mata suke sawa a ido. Ke nan tsiro na magani ne, tukunya ta turare ce, hannun ɗan'adam ne ya haɗa su ya fitar da wani abu dabam.

Kafuwar Gidan Pernod

A ƙarshen ƙarni na 18, a wani ƙauye mai suna Couvet cikin duwatsun Suwizalan, dab da iyakar Faransa, ana sayar da wani tsimi na afsantin a matsayin maganin ciki da zazzaɓi. Wasu suna danganta shi ga wani likita Bafaranshe, Pierre Ordinaire, wasu kuma ga matan wani gida da ake kira Henriod. A 1797 wani ɗan kasuwa, Manjo Dubied, ya sayi sirrin haɗin, ya kafa wurin tacewa tare da ɗansa da wani saurayi mai suna Henri-Louis Pernod, wanda ya zama surukinsa.

Masu saye sun fi yawa a ɓangaren Faransa, ga kuma kuɗin fito mai nauyi a kan iyaka. Saboda haka a 1805 Pernod ya tsallaka ya buɗe nasa wurin a garin Pontarlier, ya raɗa masa suna Pernod Fils, wato Pernod Ɗa. Ana ruwaito cewa da tukwane biyu ya fara, suna ba shi lita 16 a rana. Da kasuwa ta buɗe, ɗansa Louis ya sayi fili a bakin kogin Doubs aka gina babbar masana'anta. Louis ya riga mahaifinsa rasuwa, shi kuma tsohon ya rasu a 1851, ragamar gida ta koma hannun jikoki biyu, Fritz da Louis-Alfred. A zamaninsu ne aka shigo da injin tururi, aka jawo reshen hanyar jirgin ƙasa, abin da ake tacewa a rana ya tashi daga 'yan litoci zuwa dubun-dubata. Fritz ya rasu a 1880, a 1888 kuma Louis-Alfred ya sayar da kamfanin ga iyalin Veil-Picard, masu banki a birnin Besançon. Suna ya ci gaba da zama Pernod, amma dukiya ta bar gida. Wato daga kaka zuwa jika tafiyar ta tsaya.

Sunan ya yi ƙarfi har mutum ya shiga gidan shaye-shaye ya ce a ba shi Pernod, ko da wata absint ɗin yake nufi, kamar dai yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo. Wannan ya sa aka yi ta samun masu kafa kamfanoni da sunaye masu kama da shi, gidan kuma ya sha zuwa kotu a kan haka.

Yadda Ta Fita Daga Rumfar Magani

Abubuwa uku ne suka ɗauke absint daga hannun marasa lafiya suka kai ta bakin kowa.

Na farko yaƙi. A 1830 Faransa ta kai wa Aljeriya mamaya, ta daɗe tana fafatawa da Amir Abdulƙadir har zuwa 1847. Zazzaɓi da gudawa sun yi wa sojojinta ɓarna ƙwarai, sai aka riƙa ba su absint su ɗiga a ruwan sha, wai tana kashe cuta. Zazzaɓi dai bai warke ba, amma baki ya saba. Da sojojin suka koma gida sai suka ci gaba da neman ta a gidajen shaye-shaye na Marseille da Faris, masu hali kuma suka ɗauke ta a matsayin abin shan jarumai. Kafin 1870, ƙarfe 5 na yamma ta sami sabon suna a Faris, ana ce mata koriyar sa'a, don a lokacin ne kowa yake zama da kofinsa.

Na biyu annoba. Daga 1863 wani ɗan ƙwaro da ya shigo daga Amurka ya far wa saiwar inabi, cikin shekara 20 zuwa 30 ya halaka babban kaso na gonakin inabin Faransa. Giyar inabi, wadda ita ce abin shan talakansu, ta yi tsada.

Na uku kuwa haɗama. Da inabi ya yi wuya, ƙananan masu tacewa suka koma yin barasa da hatsi da wani tushe mai zaƙi da suke yin sukari da shi, sai absint ta zo ta fi giyar inabi araha. Lebura da ma'aikacin masaƙa da mai wankau duk suka ruɗu da ita. A 1910 Faransawa sun sha lita miliyan 36. Garin Pontarlier kaɗai yana da masana'antu fiye da 20 a farkon ƙarni na 20, dubban mutane suna ci daga gare su.

Ire-Irenta

Ginshiƙan haɗin uku ne: afsantin, da yansun, da shammar. Biyun ƙarshe ba baƙinmu ba ne, ana samun su a shagunan magungunan Musulunci na Kano. Idan an jiƙa su a barasa an tace, abin da yake fitowa fari ne tas kamar ruwa, wannan ita ce farar absint. Idan aka sake jiƙa wasu ganyaye a cikin farar, sai korensu ya rina ta, ta zama koriya. Wannan koriyar ita ta fi shahara, ita ce kuma mawaƙa suka yi wa laƙabi da Koriyar Aljana. Ba a shan ta tsura. Sukan ɗora sukari a kan cokali mai huji su riƙa ɗiga ruwan sanyi, sai man tsirran da ke narke a ciki ya fito fili, launinta ya juye ya yi fari-fari kamar tsinkakken nono. Wannan juyewar launi ta taimaka wajen sa mutane su ɗauka akwai wani asiri a cikinta.

Ta fuskar daraja kuma an kasa ta hawa-hawa. Akwai gama-gari, akwai matsakaiciya, akwai mai kyau, sai ta ƙoli wadda suke kira 'yar Suwizalan ko da a Faransa aka yi ta. Yadda daraja take hawa, haka ƙarfi yake hawa, daga wajen kashi 45 cikin 100 na tsantsar barasa har zuwa sama da kashi 70. Ta gidan Pernod kashi 68 ce, kuma da barasar inabi suke yin ta. Don mai karatu ya gane nauyin abin, giyar inabi ba ta cika wuce kashi 10 zuwa 13 ba.

A can ƙasa kuma akwai ta talaka, wadda ba a ma tace ta. Barasa mai arha ake samu a zuba mata man tsirrai, a rina ta da gishirin tagulla don ta yi kore, wasu har sukan ƙara wani sinadari mai guba don ta yi fari idan an zuba ruwa. Mai kuɗi yana shan mai tsabta tana cin sa a hankali, talaka yana shan jabu tana cin sa da gaggawa.

Gobarar 1901

Akwai wani abin al'ajabi da ya faru wanda ya cancanci a ambata, don yana nuna girman da gidan ya kai. Ranar 11 ga Agusta, 1901, aradu ta faɗa wa masana'antar Pernod, wuta ta kama. Da ma'aikata suka ga in wutar ta isa rumbunan barasa garin ma ba zai tsira ba, sai aka buɗe manyan tankuna, ɗaruruwan dubban litoci suka kwarara cikin kogin Doubs. Bayan kamar kwana 2, mutanen da ke kusa da mafarin wani kogi dabam mai suna Loue, wanda yake ɓuɓɓugowa daga wani kogo a bayan duwatsu, suka ji ruwansu yana ƙamshin yansun. Ta haka aka gane cewa ruwan Doubs yana zurarewa ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a Loue. A 1910 masana suka zuba rini a kogin suka tabbatar da haka. Ashe abin da aka zubar a wani gari yana iya fitowa a rijiyar wani garin.

Marubuta Da Koriyar Aljana

A nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 birnin Faris ya zama matattarar mawaƙa da marubuta da masu zane, yawancinsu kuwa a gidajen shaye-shaye suke haɗuwa. Sai magana ta bazu cewa absint tana buɗe ƙwaƙwalwa, tana saukar da baiti, tana nuna wa mai zane launin da idon sauran mutane ba ya gani. Aka yi mata waƙoƙi, aka zana ta a siffar kyakkyawar mace mai koren mayafi. Matashin da yake son a ce masa fasihi sai ya ga kamar ba zai cika ba sai da kofinta a gabansa.

To, bari mu dubi yadda masu wannan kirari suka ƙare. Paul Verlaine yana cikin manyan mawaƙan Faransa. A Yulin 1873, a birnin Brussels, cikin maye ya harbi abokinsa mawaƙi Arthur Rimbaud a hannu, aka yanke masa ɗaurin shekara 2. Ya ƙarasa rayuwarsa tsakanin asibitin gwamnati da ɗakunan haya, ya mutu a 1896 yana da shekara 51. Shekara guda kafin mutuwarsa, a littafin tarihin rayuwarsa, shi da kansa ya la'anci absint ya nemi a hana ta. Alfred de Musset ya mutu a 1857 yana da shekara 46, bayan shaye-shaye ya daɗe da dusashe alƙalaminsa. Mai zane Toulouse-Lautrec an kai shi gidan jinya saboda sha a 1899, ya mutu a 1901 yana da shekara 36. Waɗannan mutane da baiwarsu suka zo duniya. Kwalba ba ta ƙara musu ko baiti ɗaya ba, kwanakin da za su yi aiki da baiwar ta rage.

Amma akwai waɗanda suka tsaya daga gefe suka duba da idon basira. A 1876 Edgar Degas ya zana wata mata zaune a gidan shaye-shaye da kofin absint a gabanta, kafaɗu a sake, ido ya tafi wani wuri, ga namiji kusa da ita amma kowa da inda ya sa gaba. A 1877 Emile Zola ya fitar da littafinsa L'Assommoir, labarin wata mai wankau da mijinta waɗanda barasa ta rusa gidansu. Zola bai zauna a ɗaki ya ƙaga ba. Sai da ya zaga unguwannin ma'aikata da littafin rubutu a hannu, ya koyi karin maganarsu, ya karanta bayanan likitoci a kan haukan mashaya. Shi ya sa har yau ake karanta littafin.

Ƙage Da Hani

Kamar yadda masoyanta suka yi mata ƙarya, haka maƙiyanta ma. Wani babban likitan mahaukata a asibitin Sainte-Anne na Faris, Valentin Magnan, ya yi gwaji a shekarun 1860. Ya rufe ɓeran Masar a ƙarƙashin gilashi da tsantsar man afsantin, dabbar ta kama farfaɗiya. Daga nan ya yanke cewa absint tana da wata cuta tata ta musamman, wadda ta sha bamban da ta sauran barasa. Aka ɗora laifin a kan wani sinadari da ke cikin tsiron mai suna tujon. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, tsantsar mai dabam, abin da ke cikin kwalba dabam. Masu gonakin inabi kuwa, da gonakinsu suka farfaɗo suka tarar an ƙwace musu kasuwa, sai suka shiga sahun masu yaƙi da absint, suna cewa giyarsu abinci ce, waccan ce guba.

Ana cikin haka, ranar 28 ga Agusta, 1905, wani manomi a Suwizalan mai suna Jean Lanfray ya harbe matarsa mai ciki da 'ya'yansa mata biyu. A ranar ya sha giyar inabi mai yawan gaske da wasu ire-iren barasa, absint kuwa kofi 2 ya sha tun da safe. Amma jaridu suka yi watsi da sauran, suka kira abin kisan absint. Mutum fiye da 82,000 suka sa hannu a takardar koke. A Yulin 1908 aka yi ƙuri'ar raba-gardama, hani ya fara aiki a Suwizalan a 1910. Beljiyam ta riga ta hana a 1906, Holan a 1909, Amurka a 1912. Faransa ta yi ta jan ƙafa saboda harajin da take samu, sai da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke tana neman lafiyayyun samari, sa'an nan ta kafa dokar 16 ga Maris, 1915.

Masana'antar Pernod ta zama asibitin sojoji, daga baya aka sayar da ita ta koma wurin yin cakulan, ta ƙare a hannun Nestlé. Masu sunan suka ci gaba da yin absint a Tarragona ta ƙasar Sifen, inda ba a hana ba, har zuwa shekarun 1960. A gida kuma suka fito da wata barasa ta yansun wadda babu afsantin a ciki. Wani ƙaramin gida na Pontarlier, wanda Armand Guy ya kafa a 1890, shi ma haka ya yi a 1921, ya rayu a kai. A 1932 Paul Ricard ya fito da tasa a Marseille, a 1975 kamfanonin Pernod da Ricard suka haɗe suka zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin barasa na duniya. Shaye-shaye bai bar Faransa ba don an hana absint. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Gaskiya ta yi halinta daga baya. A 1988 dokokin Turai suka ƙayyade yawan tujon da aka yarda da shi a abin sha, wannan ya buɗe ƙofa. François Guy, daga zuriyar Armand, ya dawo da absint Pontarlier a 2001. Suwizalan ta ɗage hani a 2005, Amurka ta bari a sayar a 2007, Faransa ta soke dokar 1915 a 2011. A 2008 wasu masana ƙarƙashin Dirk Lachenmeier na Jamus suka auna tsofaffin kwalabe 13 da aka ajiye tun kafin hani, suka tarar tujon ɗin da ke ciki bai kai ya haukata kowa ba. Suka ce babu wani abu a ciki da zai bayyana ciwon mashayanta in ban da barasar kanta. Wato dai babu aljana a kwalbar, ba ta alheri ba, ba ta sharri ba. Barasa ce mai ƙarfin tsiya, kuma wannan kaɗai ya isa.

Inda Labarin Ya Taɓa Ƙasarmu

Lokacin da Faransawa suka kama Damagaram a 1899, absint tana kan ganiyarta a ƙasarsu da barikokinsu, kuma ƙasashen da suka mallaka suna cikin kasuwanninta. Sai dai ƙasar Hausa ta sami katanga biyu. Ta farko addini. Ta biyu yarjejeniyar Brussels ta 1890, wadda ta ce a hana shigar da tatacciyar barasa yankunan Afirka da mutanensu ba su saba da ita ba saboda addini ko wani dalili. A kan haka ne Turawan Ingila suka sa Nijeriya ta Arewa cikin yankin hani tun daga 1900, a daidai lokacin da gwamnatin Kudu take samun babban kaso na kuɗin shigarta daga fiton barasa. Ranar 10 ga Satumba, 1919, aka sake wata yarjejeniya a Saint-Germain, wadda ta ambaci absint da tujon da sunansu ta haramta su a mafi yawan Afirka. Abin mamaki, Aljeriya, inda ciwon ya fara yaɗuwa, tana cikin ƙasashen da aka keɓe daga yarjejeniyar.

To amma katangar da ta tare kwalbar barasa ba ta tare kwalbar magani ba. Yaron da ba zai taɓa yarda a gan shi da giya ba, don ya san haramun ce kuma abin kunya ce, shi ne zai shanye kwalbar maganin tari ya ce ai magani ne. A 2017 an faɗa a Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 ta maganin tari mai kodin kullum a Kano da Jigawa. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta nuna binciken da ta yi a kan wannan fatauci, ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta hana yin irin wannan magani da shigo da shi. Binciken da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekara guda. An hana kodin, amma wanda ya saba bai rasa tiramol da sauran tarkace ba, kamar dai yadda Bafaranshe bai rasa barasar yansun ba.

Ba zan manta da wani ɗalibi da na koyar ba, wanda in ya rubuta insha'i nakan karanta wa aji don su yi koyi. Bayan ya gama makaranta da 'yan shekaru muka haɗu a tasha, ya rame, leɓe ya bushe. Na ce, "Kai kuwa me ya same ka haka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, waƙa nake yi yanzu. Abokai ne suka ce in ka ɗan kurɓa, baiti zuwa yake da kansa." Na ce ya karanto mini ko ɗango ɗaya daga cikin sababbin, ya yi ta laluben aljihu bai samu ba. Maganar da aka gaya wa Verlaine a Faris ita aka gaya wa wannan yaro a ƙasar Kano, ba a canza ko wasali ba.

Kammalawa

Kafin in ajiye alƙalami, ya kamata a yi wa dangin tazargade adalci. A ƙasar Sin, wata masaniya mai suna Tu Youyou ta bi tsofaffin littattafan magungunan ƙasarsu, ta yi gwaji bayan gwaji a kan wani ɗan'uwan tsiron, Artemisia annua, har a 1972 ita da abokan aikinta suka fitar da sinadarin atemisinin. Shi ne tushen magungunan zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem da ake ba yaranmu a asibiti, ya ceci rayukan miliyoyin mutane, aka ba ta lambar Nobel a 2015. Dangi ɗaya, wani ya bi hanyar kasuwa da kirari ya ƙare a gidan mahaukata, wani ya bi hanyar awo da haƙuri ya ƙare a ɗakin magani.

'Yan'uwa marubuta, abin da na tsinta a wannan tarihi ke nan. Mu lura da abin da ya shigo gari sanye da rigar magani, domin ya fi mai shigowa tsirara wuyar kora. Kada mu yi wa maye ado a littattafanmu da waƙoƙinmu, mu nuna tauraro ya sha abu ya zama gwani, don wani yaro yana can yana karantawa yana gaskatawa. Haka kuma kada ƙin abu ya sa mu yi masa ƙage. Magnan da jaridun 1905 sun so alheri, amma da suka gina shi a kan kuskure, ranar da kuskuren ya bayyana sai hanin ya rushe, kwalbar ta dawo da tutiyar an zalunce ta. Wanda zai rubuta labarin ɗan ƙwaya, ya je ya zauna da iyayen da abin ya shafa, ya tambayi ma'aikatan jinya, ya san sunan abin da farashinsa da yadda yake kama jiki, sa'an nan ya rubuta abin da ya gani ba daɗi ba ragi. Gaskiyar lamarin ta isa ta tsoratar, ba ta bukatar gishiri.

Tazargaden da na sayo a Wudil an kwaɓa kaɗan kamar yadda Baba ya ce, saura yana nan a ƙulle a saman kwaba. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare alƙalumanmu daga ƙarya, amin.